Waye Na Uku? Yadda Ake Zaƙulo Mafi Girma Daga Rumbun Bayanai

Ana saura 'yan kwanaki azumi Alhajin da nake kula wa da manhajar lissafi a kasuwar Dawanau ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, fito min da mutum uku da suka fi kowa ɗaukar kaya a wajenmu bana. Turmin shadda zan ba kowannensu." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ko minti biyu ban yi ba na rubuta wannan:

```
SELECT suna, buhu
FROM masu_saye
ORDER BY buhu DESC
LIMIT 3;
```

Sunaye uku suka fito, na tura masa, aka shiga Kantin Kwari aka yanko shadda. Bayan sallah sai ga wani dattijo daga cikin masu sayen ya zo shago yana wasa amma da gaske yake: "Alhaji, ni da wane buhu ɗari shida-shida muka ɗauka. Shi ya yi kwalliyar sallah da shaddarka, ni kuwa ko hula." Alhaji ya juyo ya kalle ni. Na so ƙasa ta tsage.

Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. Na ce mata layi uku, ta ba ni layi uku. Mutum biyu sun yi kunnen doki a matsayi na uku, ita kuma ta ɗauki wanda ya fara zuwa hannunta. Idan ginshiƙin da ka jera da shi ya zo daidai a layi biyu, SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, bai yi maka alkawarin wanda zai riga wani ba. Yau zai iya ba ka wannan, gobe bayan an ƙara bayanai ya ba ka wancan. A kasuwa kuwa kunnen doki ba baƙon abu ba ne, domin mutane tirela-tirela suke saye, lambobin a dunƙule suke zuwa.

Saboda haka kafin ka taɓa madannai, ka fara sanin me mai tambaya yake nufi da "na uku". Ga adadin buhunan mutum biyar: 900, 750, 600, 600, 450. Hanyar ba su matsayi iri uku ce, kuma duk mun san su tun kafin mu san kwamfuta.

Akwai irin lambar da ake rabawa a layin banki: 1, 2, 3, 4, 5. Ko tare kuka shigo, dole wani ya riga wani. Ita ce ROW_NUMBER. Akwai irin ta katin sakamakon firamare: 1, 2, 3, 3, 5. Idan yara biyu suka yi na uku, babu na huɗu a ajin, na bayansu na biyar ne. Ita ce RANK. Sai wadda ba ta tsallake: 1, 2, 3, 3, 4. Ita ce DENSE_RANK, kuma ita ake nufi idan an ce "adadi na huɗu mafi girma", wanda a nan 450 ne.

Bambancin RANK da DENSE_RANK kuɗi ne a aljihun Alhaji. A ce mutum uku sun yi kunnen doki a 900. Da RANK, su ukun duk na ɗaya ne, na bayansu na huɗu, turmi uku ya wadatar. Da DENSE_RANK kuwa su ukun na ɗaya, sai na biyu, sai na uku, turmi biyar ke nan ko fiye. Wannan hukuncin ba na mai rubuta manhaja ba ne, na mai kuɗin ne. Ka tambaye shi.

Ga yadda ake rubutawa:

```
SELECT suna, buhu
FROM (
  SELECT suna, buhu,
         RANK() OVER (ORDER BY buhu DESC) AS matsayi
  FROM masu_saye
) t
WHERE matsayi <= 3;
```

Sabon shiga yakan yi ƙoƙarin saka RANK kai tsaye a cikin WHERE, sai rumbun ya ƙi. Dalili shi ne ana tace layuka da WHERE tukuna sannan a raba matsayi, don haka a lokacin tacewa matsayin bai wanzu ba. Shi ya sa ake naɗe tambayar a cikin wata. Kuma ka kula, idan ka rubuta `matsayi = 4` da RANK a kan waɗancan lambobin, ba abin da zai fito, tunda babu na huɗu. Na ga yaro ya kwana yana neman ɓaraka a wajen da babu ita.

ROW_NUMBER, RANK da DENSE_RANK ana kiransu ayyukan taga, sun shiga ƙa'idar SQL a 2003. A cikin manhajojin rumbun bayanai, SQL Server ya samu su a fitowar 2005, PostgreSQL a 8.4 cikin 2009, amma MySQL sai a 8.0 cikin 2018, shekarar da SQLite ma ya same su a 3.25. MariaDB, wanda shi ne a cikin XAMPP da ɗalibai suke saukewa, ya same su tun 10.2. Na kawo shekarun ne don har yanzu nakan ci karo da manhajar makaranta ko ta kantin magani da ke zaune a kan MySQL 5.7 a wani masauki mai araha. A can idan ka rubuta OVER, kuskure kawai za ka gani. Ka fara da `SELECT VERSION();` ka san da wa kake magana.

Idan tsohon rumbu ne, ko kuma adadin kaɗai kake so ba sunaye ba, ga hanyar da na fi so:

```
SELECT DISTINCT buhu
FROM masu_saye
ORDER BY buhu DESC
LIMIT 1 OFFSET 2;
```

OFFSET 2 na nufin tsallake biyu ka ba ni na gaba, wato kullum matsayin da kake nema ban da ɗaya. DISTINCT ɗin nan shi ne ruhin abin. In babu shi, ka nemi na huɗu da OFFSET 3, 600 za ka sake samu maimakon 450. Da ka samu adadin, sai ka mai da shi ma'auni:

```
SELECT suna, buhu
FROM masu_saye
WHERE buhu >= (
  SELECT DISTINCT buhu FROM masu_saye
  ORDER BY buhu DESC LIMIT 1 OFFSET 2
)
ORDER BY buhu DESC;
```

Wannan daidai yake da DENSE_RANK ƙasa da huɗu, kuma yana aiki a 5.7. Kar ka canza `>=` zuwa IN, domin MySQL ba ya yarda da LIMIT a cikin tambayar da ke bayan IN. Rauninsa ɗaya: idan adadi daban-daban ba su kai uku a teburin ba, ta cikin ba za ta dawo da komai ba, ta wajen ma haka. Sabon reshe mai masu saye biyu sai ya fito fayau kamar ba a taɓa ciniki a cikinsa ba.

Masu PostgreSQL 13 zuwa sama sun huta, `FETCH FIRST 3 ROWS WITH TIES` a ƙarshen tambaya yana kawo ukun tare da duk wanda ya yi daidai da na ukun, wato ma'anar RANK. SQL Server kuma `TOP 3 WITH TIES` ya daɗe da shi. Da wannan na sani a lokacin, da dattijon ya samu shaddarsa.

Yanzu maganar sauri. Akwai wata amsa da ake yawan haddacewa don ganawar neman aiki, kuma daidai take a lissafi:

```
SELECT suna, buhu
FROM masu_saye a
WHERE 2 = (
  SELECT COUNT(DISTINCT b.buhu)
  FROM masu_saye b
  WHERE b.buhu > a.buhu
);
```

Ma'anarta: na uku shi ne wanda adadi biyu ne kawai suka fi nasa. Tunani mai kyau. Amma duba aikin da ka ɗora wa injin. A kan kowane layi sai ya koma ya ƙirga waɗanda suka fi shi. Kamar a ce kana son sanin na uku a tsawo a masallacin Juma'a, sai ka kama kowane mutum ka zaga da shi sahu-sahu kana gwada shi da kowa. A tebur mai layi 200 ba za ka ji komai ba. Mai layi 100,000 kuwa, in babu fihirisa, gwaji ya kai 100,000 sau 100,000, biliyan 10 ke nan. Ko da fihirisa ma, na can ƙasa sai an ƙirga masa kusan duk teburin, alhali tun a na uku da ya fi shi an san ba shi ba ne. A saba ta haya, wato kwamfutar da rumbun yake zaune a kanta, da kuke rabawa da wasu, wannan tambayar ita kaɗai ta isa ta sa kashiya ya tsaya yana kallon allo, masu saye suna tsaki. Ka fahimce ta, ka bar ta a takarda.

Abin da ke kawo sauri na gaske shi ne fihirisa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san amfaninta: maimakon buɗe littafi shafi-shafi, ka duba ta ka tafi kai tsaye babin da kake so.

```
CREATE INDEX i_buhu ON masu_saye (buhu);
```

Fihirisar da rumbuna suka fi amfani da ita tsarin B-tree ce, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Abin da ya shafe mu shi ne adadin a jere suke a cikinta tun asali, kuma ko layuka sun kai miliyoyi, taki uku ko huɗu ya kai ka bakin jerin. Sai tambayar LIMIT ta zama: je ƙarshen jeri, ɗauki uku, tsaya. Ba a taɓa sauran teburin ba. Ana iya karanta fihirisar daga kowane ɓangare, don haka a ginshiƙi ɗaya ba sai ka rubuta DESC ba. MySQL kafin 8.0 ma karɓar kalmar yake yi ya yi watsi da ita.

Da fihirisa, tsohuwar hanyar neman na biyu ma sai ta zama mai sauri ƙwarai:

```
SELECT MAX(buhu) FROM masu_saye
WHERE buhu < (SELECT MAX(buhu) FROM masu_saye);
```

Leƙe biyu kawai. Ga na biyu ba ta da laifi, ga na bakwai kuwa ba wanda zai iya karanta abin da ka rubuta.

Kada ka ɗauka don ka yi fihirisa an yi amfani da ita. Sa EXPLAIN a gaban tambayarka ka ga shirin da injin ya tsara. A MySQL, idan ka ga ALL a ƙarƙashin type, duk teburin ake karantawa. Idan ka ga Using filesort, jerawa ake yi daga farko. Sunan na ruɗarwa, ba lallai a kan faifai ake yin ta ba, amma dai jerawa ce da fihirisa za ta iya raba ka da ita. A PostgreSQL ka yi EXPLAIN ANALYZE. Seq Scan karatun duk tebur ne. Idan ka ga top-N heapsort, ya karanta komai amma manyan kaɗai yake riƙewa a ƙwaƙwalwa, da dama-dama. Idan ka ga external merge da Disk, jerawar ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar da aka ware mata ta zube kan faifai, nan ne ake jin jiki. A ƙaramin tebur injin zai iya ƙin fihirisar da gangan don karanta shafi biyu ya fi masa sauƙi, kuma gaskiyarsa. Saboda haka gwaji da layi ashirin ba gwaji ba ne. Cika teburin gwaji da layi miliyan ɗaya na bogi, generate_series na PostgreSQL zai yi maka cikin ɗan lokaci, sannan ka duba.

Ayyukan taga fa? Daɗin karantawa gare su, amma sau da yawa injin yakan raba wa kowane layi matsayi sannan ya zubar da duka ban da uku. PostgreSQL 15 ya koyi tsayawa da zarar matsayi ya wuce abin da aka nema. A sauran wurare EXPLAIN ne alƙali. Ni dai idan tebur babba ne kuma jeri ɗaya nake so, LIMIT a kan fihirisa nake fara gwadawa.

A nan akwai abin da na ɓoye tun farko. Teburin `masu_saye` mai jimlar buhunan kowa ba haka ake samunsa ba. Abin da kashiya yake shigarwa kullum ciniki ne ɗaya-ɗaya: wane ya ɗauki gero buhu 40 ranar kaza. Jimlar sai an tara:

```
SELECT mai_saye, SUM(buhu) AS jimla
FROM ciniki
WHERE rana >= '2024-01-01' AND rana < '2025-01-01'
GROUP BY mai_saye
ORDER BY jimla DESC
LIMIT 3;
```

Fihirisa a kan `buhu` ba ta da amfani a nan ko kaɗan, domin abin da ake jerawa, wato jimla, ba a rubuce yake a ko'ina ba sai an gama tarawa. Dole a karanta duk cinikin shekarar. Abin da za ka iya yi biyu ne. Na farko ka rage abin da za a karanta: fihirisa a kan `rana, mai_saye, buhu` tana sa injin ya ɗauki shekarar kaɗai, kuma ya samu duk abin da yake buƙata a cikin fihirisar ba tare da komawa tebur ba. Ka lura yadda na rubuta ranar. Da na ce `YEAR(rana) = 2024`, na lulluɓe ginshiƙin a cikin aiki, fihirisa ta yau da kullum ba za ta iya tsalle zuwa wajen ba. Na biyu, idan rahoto ne da ake buɗewa sau hamsin a rana, ka yi ƙaramin teburin jimla da ake sabuntawa bayan an tashi kasuwa, ka sa masa tasa fihirisar. Alhaji ba ya buƙatar jimlar da ta haɗa da cinikin minti biyar da suka wuce kafin ya san wa zai ba shadda. Sai dai ka nuna ranar da aka sabunta shi a kan rahoton, don ranar da wuta ta ɗauke da dare aikin bai gudu ba, a san lambobin na jiya ne.

Daga baya tambayar ta girma, kamar yadda ta saba. "Injiniya, a kowane kaya fa? Masara daban, gero daban, dawa, wake, riɗi." Nan ne ayyukan taga suke cin kasuwarsu:

```
SELECT kaya, suna, buhu
FROM (
  SELECT kaya, suna, buhu,
         RANK() OVER (PARTITION BY kaya
                      ORDER BY buhu DESC) AS matsayi
  FROM jimla
) t
WHERE matsayi <= 3;
```

PARTITION BY ya kasa layukan kashi-kashi, kowane kashi ya fara ƙirgarsa daga ɗaya. Fihirisar da ta dace ita ce `kaya, buhu DESC`, da wannan jerin, kashi tukuna sannan adadi. A nan DESC ya yi rana, tunda ginshiƙi ɗaya na hawa ɗaya na sauka.

Idan kason kaɗan ne amma kowanne layukansa tuli, kamar ƙananan hukumomin Kano 44 da sakamakon ɗalibai dubbai a kowace, akwai hanyar da ta fi:

```
SELECT k.kaya, m.suna, m.buhu
FROM kayayyaki k
CROSS JOIN LATERAL (
  SELECT suna, buhu FROM jimla j
  WHERE j.kaya = k.kaya
  ORDER BY buhu DESC
  LIMIT 3
) m;
```

Ga kowane kaya, leƙa fihirisa, ɗauki uku, wuce. Kashi 44 ke nan leƙe 44, layi 132, ko da teburin miliyan ne. LATERAL yana PostgreSQL tun 9.3, MySQL tun 8.0.14, a SQL Server kuma sunansa CROSS APPLY. Amma ka ga LIMIT 3 ya dawo, da matsalar dattijo a bayansa. A PostgreSQL ka musanya shi da WITH TIES.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna cizo. Gurbin da ba a cike ba, wato NULL, PostgreSQL da Oracle suna ɗora shi a sama idan ka jera daga babba, sai wanda ba a rubuta masa komai ba ya zama zakara. MySQL da SQL Server a ƙasa suke ajiye shi. `WHERE buhu IS NOT NULL` ya kashe maganar a ko'ina. Idan bayanan daga Excel aka kwaso su kuma kuɗin ya shigo a matsayin rubutu, "9,000" zai hau kan "85,000", domin harafi-harafi ake gwadawa kuma 9 ya fi 8. Gyaran a ginshiƙin yake, ba a tambayar ba. Kuɗi kuma kada ka ajiye shi a FLOAT, adadi biyu da suke daidai a ido za su iya bambanta a can ƙarshen ɗigo, kunnen dokin ya ɓace. DECIMAL, ko ka ajiye kwabo a matsayin cikakkiyar lamba. Wanda ya samu aiki a inda ake amfani da tsohon Oracle ya sani ROWNUM, wato lambar layi, ana raba shi kafin ORDER BY, kuma `ROWNUM = 3` ba ya taɓa dawo da komai. Daga 12c akwai FETCH FIRST.

OFFSET shi ma yana da iyaka. Na uku ko na goma ba komai. OFFSET 50000 kuwa sai injin ya taka layi 50,000 ɗaya bayan ɗaya ya zubar kafin ya miƙo maka naka. Idan shafi-shafi kake nuna jerin, ka riƙe adadin ƙarshe da lambar layinsa, ka ci gaba daga nan da `WHERE (buhu, id) < (600, 812) ORDER BY buhu DESC, id DESC LIMIT 20`, da fihirisa a kan `buhu, id`. PostgreSQL yana tafiyar da wannan da kyau. Wannan `id` ɗin da aka ƙara shi ne kuma maganin jerin da ke canzawa yau da gobe: duk inda dole a fitar da mutum ɗaya tak, ka faɗa wa injin abin da zai raba gardama da shi, ko wanda ya riga biya, ko wanda ya fi daɗewa yana saye.

Na kai wa Alhaji zaɓin a takarda, lambobi biyar da jeri uku kamar yadda na zana a sama. Ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan na katin firamare. Ya ce, "Wannan. In sun yi daidai a ba su duka, amma kar ka jawo min mutum bakwai." Sannan ya aiki yaronsa Kantin Kwari ya ƙaro turmi ɗaya, ya ce a cire kuɗin adaidaita sahun daga nawa.